Tanderunmu a Tashar Jabal Ali

Daga Funtuwa zuwa Kano

Ana sallame sallar asuba muka bar Funtuwa, gari bai gama wayewa ba, ni da yayata Hajiya Zainabu, wadda kowa a layinmu yake kira Yaya Abu, har waɗanda suka girme ta. Ga wanda bai san mu ba, gidan burodi muke da shi, gadon mahaifinmu. Ni nake kula da kwaɓi da gashi da ma'aikata, ita kuma take kula da ni. Tanderun ƙasa da marigayi ya gina ya tsufa, bayansa ya tsage, itace kuma ya yi tsadar da in ka jefa guda a wuta sai ka ji kamar ka bi shi ka ciro. Shi ya sa muka sayar da filinmu na hanyar Bakori, muka ƙudura sayo tanderun ƙarfe na zamani a Dubai. Fatanmu ya iso kafin azumi, domin a watan nan ne mai burodi yake samun abin da zai riƙe shi har shekara.

Yaya Abu ta cika buhu guda da burodin jiya ta sa a but ɗin mota. Na tambaye ta ko a Dubai za mu sayar, ta ce in zuba ido. A shingen farko kafin Giwa wani mai kaki ya leƙo ya ce, "Hajiya, yaranki a titi suka kwana fa." Ta miƙa masa burodi biyu, ya ɗaga mana sanda. Haka muka yi ta rabo, shinge bayan shinge, ta Zariya har Kwanar Ɗangora, inda buhun ya ƙare. Na shingen ƙarshe addu'a ta ba su, suka ce amin ba da son ransu ba.

Jirginmu ya tashi daga Kano bayan azahar. Ni wannan ce fitata ta farko daga Najeriya. Yaya Abu kuwa ta je Makka sau biyu, saboda haka a ganinta duk ƙasar da ake sa farar jallabiya ta san ta ciki da bai. Muka canja jirgi a Adis Ababa, inda na sha wani kofi mai ɗaci da ya hana ni runtsawa. Ita kuwa minshari ta yi ta yi a kafaɗata har muka sauka Dubai da sanyin safiya.

Naif

Wanda zai yi mana jigilar tanderun shi ne Alhaji Sunusi, mutumin Fagge da ya daɗe a Dubai yana harkar kago, wato tattara kayan 'yan kasuwa a loda a kwantena a aika gida. Bai zo tarbarmu da kansa ba, ya turo direbansa Awudu, wani kakkauran mutum mai fara'a, haifaffen Zangon Kumasi a Gana. Hausarsa tana da daɗin ji, sai dai babu mace a cikinta.

"Sannu da zuwa, Hajiya. Ka gaji? Kai ka zauna gaba, Malam ya zauna baya."

Yaya Abu ta waiga bayanta ta ga babu kowa. "Wa kake ce wa kai?"

"Kai, Hajiya."

"Sabi'u, ka ji ko? Da jikokina da komai, yau an mai da ni namiji a filin jirgi."

Na yi mata bayani cewa haka maganarsu take a can. Awudu ya dafa ƙirji ya ce, "Wallahi ko uwana da ya haife ni, kai nake ce masa." Ta ce to Allah ya ba uwar tasa haƙuri, ta shiga gaba.

Masaukinmu wani ƙaramin otal ne a Naif, tsakiyar lungunan 'yan sari. Da na leƙa ta taga sai na ɗauka jirgin ya juyo da mu kasuwar Kwari ta Kano ne ban sani ba. Takalma, jakunkuna, abayoyi, ga 'yan Bangaladash suna tura baro suna kiran "Hanya! Hanya!" da Hausa, ga wani Ba'indiye a ƙofar shago yana cewa, "Hajiya, zo ki gani, akwai sauƙi." Muka karya da shayin karak, dirhami ɗaya kofi, da wani burodi faffaɗa mai mai. Na gutsura na shinshina na duba cikinsa, irin halin masu sana'a. Yaya ta ce in ci in daina kunyata ta.

Murshid Bazar da bakin ruwa

Ofishin Alhaji Sunusi yana saman wani bene a kasuwar Murshid Bazar. Tun daga ƙasa ba ka jin komai sai ƙarar salatif ana naɗe kwalaye. Ya karɓe mu da dabino da gahawa, ya ce akwai kwantenar da yake haɗawa zuwa Legas, kuma jirgin da zai ɗauke ta shi ne na ƙarshe da zai kai mu gida kafin azumi. Muka rabu a kan gobe Awudu zai kai mu mu ga tanderu.

Bayan la'asar muka taka zuwa bakin ruwa, don ba nisa. A nan na fara ganin jirgin ruwa da idona. Na katako ne, masu shuɗin fenti, sun jeru a gefen titi, an jibge musu firji da tayoyi da katifu da buhunan shinkafa a ƙasa babu mai gadi. A kan ɗaya wani tsoho ya shanya zanensa yana fere dankali. Yaya Abu ta tsaya ta riƙe ƙugu.

"Wannan ce tashar da ake ta ba mu labari? Filin ubanmu muka sayar a ɗora shi a kan katako?"

Ba ta jira amsata ba. Ta juya, na bi ta da sassarfa, muka sake hawa benen nan. Alhaji Sunusi ya saurare ta har ta gama, sannan ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya share ido.

"Hajiya, waɗannan na maƙwabta ne, Iran da Yaman da Somaliya. Da su garin ya fara, shi ya sa ba su yar da su ba. Taku tashar tana Jabal Ali, can ƙarshen gari ta hanyar Abu Dabi."

Na ce ni da na ɗauka mai ne ya gina Dubai. Ya girgiza kai.

"Man yana wajen 'yan'uwansu na Abu Dabi, Malam Sabi'u. Waɗannan tashar ce gonarsu. Takalmin da kuka gani a Naif daga Sin ya zo. Shinkafar da za ku ci anjima daga Indiya, albasar cikinta ma haka. Duk ta Jabal Ali suka shigo. Wani a ci a nan, wani a sauke a sito ya huta, a sake loda shi a aika mana, a aika wa wasu. Ranar da tashar nan ta tsaya, shagunan da ke ƙasan benen nan sai su koma sayar da katakon jera kaya."

"Wato dai dillalai ne," in ji Yaya.

"Dillalai ne, Hajiya, amma masu teku."

Wannan ya kwantar mata da hankali. Dillali ta san yadda ake zama da shi.

Sharja da Al Nahda

Washegari Awudu ya kai mu unguwar masana'antu ta Sharja, garin da ke manne da Dubai. A wani ƙaton sito na wani Basiriye muka ga tanderun. Ƙirar Turkiyya ne, tsayinsa ya fi ni, yana da ƙofa kamar ta ɗaki, a ciki ana tura keken faranti ya riƙa juyawa har burodi ya gasu. Na shafa jikinsa na ji idona ya kawo ruwa, don na tuna yadda mahaifinmu yake shiga hayaƙi da doguwar sanda har girarsa ta ƙone. Yaya ta taka mini ƙafa ta ce in gyara fuskata, mai kaya yana kallo.

Cinikin ita ta yi shi. Larabcinta bai wuce "kam" da "kasir" da "haram alaik" ba, wato nawa, ya yi yawa, ka ji tsoron Allah, amma ya ishe ta. Ta fita daga siton nan a fusace ta shiga mota, Basiriyen ya biyo ta. Ta dawo, ta sake fita, ya sake biyo ta. A fita ta uku Awudu ko kunna motar bai yi ba. Da aka daidaita, mutumin ya ɗaga hannuwa sama ya ce "Khalas, khalas," wato shi ke nan, ya kuma tambaye ni a asirce ko haka take a gida. Na ce a gida ta fi haka.

Kafin mu tafi ta buɗe ƙofar tanderun ta leƙa, ta daɗe tana kallon cikinsa. "Duk wannan wurin haka zai tafi wayam?" Na ce haka ake yi. Ta mai da ƙofar ta rufe.

Da yamma Awudu ya matsa sai mun je gidansa a Al Nahda, a kan iyakar Sharja da Dubai, inda shi da matarsa Amina suke da ɗaki guda a filat ɗin da suke haya da wasu iyalai biyu. Amina ta dafa mana wake da shinkafa irin na Gana, da wani baƙin yaji mai kifi da suke kira shito. Ta gargaɗe ni in ɗiba kaɗan. Na ce mata ni Bakatsine ne, da barkono aka yaye ni. Na ɗiba, na ƙara.

Kashegari, ranar da za a yi wa tanderu akwatin katako a loda shi a siton Alhaji Sunusi, ban iya yin nisa da ƙofar banɗaki ba. Yaya ta leƙo ta gan ni a dunƙule, ta ce in kwanta, ita za ta je ta tsaya a kan kayan. Ta ma sayo mini magani da ayaba. Na yi mamakin wannan tausayi, amma ciwon ciki bai bar ni na yi dogon tunani ba. Da magariba ta dawo tana fara'a, ta ce an loda, an rufe, an sa hatimi, tirela ta tafi tasha.

Hanyar Jabal Ali

Muna shan shayi da safe wayata ta yi ƙara. Alhaji Sunusi ne, kuma ko gaisuwa bai tsaya ya ƙarasa ba.

"Malam Sabi'u, mene ne a cikin tanderunku?"

"Iska, Alhaji."

"To na'urar da kwastan suke haska kaya da ita ta ce iskar taku a kwalabe take. Sun tsare kwantenar."

Na dubi Yaya Abu. Ta duƙufa tana juya shayin da ta riga ta shanye rabinsa.

"Yaya."

"'Yan turaruka ne. Na matan da suke sari a wurina, na Sallah. Wuri ne a banza, Sabi'u. Mun biya kuɗin kwantena, iska za mu kai Funtuwa?"

Ashe tasi ta ɗauka ta cika da kwalaye daga Naif, ta bari sai da Alhaji Sunusi ya tafi masallaci, ta ce wa masu ɗaurin kaya kayan gyaran tanderu ne, ta kuma saya musu shinkafar biriyani.

Ba a jima ba suka iso, Awudu yana tuƙi, Alhaji Sunusi a gefensa fuska a murtuke. A cikin motar ya yi mana bayani, muryarsa ƙasa-ƙasa. Turaren fesawa yana da sinadarin da ke kama wuta, don haka ba a loda shi sai an bayyana, kuma yana da tasa hanyar daban. Wanda ya ɓoye shi ya yi wa hukuma ƙarya, kuma sunan da ke kan kwantenar nasa ne, lasisinsa za a iya taɓawa. Sannan ba kayanmu kaɗai ne a ciki ba. Akwai takalma da jakunkuna da mayafai na mutane da yawa, yawancinsu mata 'yan Kano da Kaduna masu ƙaramin jari, duk kayan kasuwar Sallah. Jirgin kuma da magaribar yau zai rufe karɓar kaya.

"Har da na Hajiya Binta mai mayafai, wadda kuka ci tuwo tare shekaranjiya," in ji shi. "Jarinta duka yana ciki."

 Yaya Abu ta juya tana kallon taga.

Muka bi babban titin da ya ratsa garin, dogayen benaye na gilashi dama da hagu, jirgin ƙasa yana gudu a kan gada a gefenmu babu direba. Da ranar daɗi ce da na buɗe baki na yi ƙauyanci son raina. Bayan kusan awa guda benaye suka ƙare, sai rairayi da situna iya ganinka, da tireloli a jere kowace da kwantena a baya. Can gaba sai ga wasu ƙarafa sun miƙa wuya sama kamar garken raƙuman dawa sun zo shan ruwa. Awudu ya ce su ne ƙugiyoyin da ke ɗora kaya a jirgi.

A cikin tasha

A ƙofa aka karɓi fasfonmu, aka duba izinin shiga da Alhaji Sunusi ya nema mana a matsayin masu kaya, aka ba kowa falmaran mai walƙiya da hular kwano. Yaya ta ɗora tata a kan hijabi, hular ta zauna a karkace kamar murfin tukunyar da ba tata ba. Awudu ya ce, "Hajiya, ka yi kyau." Ko harararsa ba ta yi ba, daga nan na san abin ya kai mata.

Ban san yadda zan kwatanta muku wurin nan ba. Gari ne guda, da tituna da fitilun ba da hannu, amma gidajensa kwantenoni ne, an ɗora wata kan wata, ja da shuɗi da kore. Alhaji Sunusi ya ce da can babu komai a nan sai rairayi, haƙa ta aka yi aka shigo da teku. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne rashin mutane. Babu ɗan dako, babu mai shayi, babu mai rake, babu wanda zai tare ka ya ce ya san wani a ciki. Injuna ne suke ta kai da kawo, kowanne ya san inda za shi. Muka wuce layin kwantenoni masu sanyi suna ta gurnani, Awudu ya ce nama ne da kaji da 'ya'yan itace, abincin garin ke nan. Muka wuce fili cike da sababbin motoci. Sai na tuna fulawar da nake kwaɓawa kullum, alkamarta ma a jirgi take zuwa Legas. Ashe duk shekarun nan teku ce take ciyar da ni a Funtuwa, ni kuwa ko gaishe ta ban taɓa zuwa na yi ba.

Kwantenarmu tana wata rumfa ta bincike. Jami'in da ke kanta matashi ne, Balarabe, mai gyararren gemu, ba ya ɗaga murya. Aka yanke hatimi aka buɗe, sai ga wata sabuwa: tanderun, da yake shi ya fi nauyi, shi aka fara sawa, yana can ƙurya. Sai an fitar da kayan kowa kafin a kai gare shi. Ma'aikata suka shiga sauke kwalaye, injin ɗaga kaya ya jawo akwatin, aka ɓalle katako. Jami'in ya buɗe ƙofar tanderun da kansa. Ƙamshin da ya fito ya sa har direban injin ya leƙo. Ta cika shi tun daga ƙasa har sama, ta cusa ƙananan kwalaye tsakanin farantai, ta toshe sauran ramukan da mayafai don kada su yi ƙara. Ko ni da raina yake ɓace sai da na yaba aikin.

Jami'in ya tambaya da Larabci wane ne ya yi wannan. Alhaji Sunusi ya buɗe baki zai ce kuskuren sitonsa ne. Yaya Abu ta riga shi, ta matso gaba da hularta a karkace.

"Awudu, gaya masa ni ce. Alhaji bai sani ba, ƙanena bai sani ba, yana kwance yana zawo. Masu sauran kayan nan ba su san ni ba ma, sai mutum ɗaya. In kamu ne a kama ni, in tara ce a ci ni, amma a bar kayan bayin Allah su tafi."

Awudu ya fassara duka, har da zawon, don na ga jami'in ya dube ni da tausayi. Sannan ya ɗauki kwalba ɗaya ya juya ta a hannu, ya yi magana a hankali, Awudu yana mayar mana. Ya ce akwatin ƙarfe ne zai yi makonni a rana a tsakiyar teku, a ƙarƙashinsa da samansa dukiyar mutane ce, a cikin jirgin kuma akwai ma'aikata masu 'ya'ya. Ya ce in wuta ta tashi a can babu inda ake gudu. Yaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Wallahi ban sani ba. Na tuba."

Jami'in ya tafi ofis ya daɗe. Muna tsaye, ina kallon inuwar rumfar tana ƙara tsawo. Da ya dawo ya ce za a ci tara, a gyara takardu, turaren ya koma waje. In mun iya mai da sauran kayan kafin a rufe karɓa, kwantena za ta bi jirginta. Sunan Alhaji Sunusi kuma ba za a taɓa shi ba a wannan karon.

"Yalla, a hanzarta!" in ji Awudu, ya tuɓe agogonsa ya sa a aljihu.

Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Alhaji Sunusi da babbar rigarsa a naɗe a kafaɗa yana miƙa kwali. Ni da cikina da bai gama daidaita ba ina karɓa. Yaya Abu, wadda a gida ko butar alwala sai an miƙo mata, tana ɗauke da kwalin takalma a kan hular kwano, tana yi wa ma'aikata 'yan Pakistan tsawa da Hausa, su kuma suna bin umarninta kamar sun ji. Da ta ga kwalayen da aka rubuta sunan Hajiya Binta, da kanta ta jera su a inda ba za su danne ba. Rana tana gab da faɗuwa aka ja ƙofa, aka sa sabon hatimi, tirela ta ja ta shige layin da ba a bin ta.

A hanyar fita Awudu ya rage gudu a inda ake hango jiragen. Ni dai na ɗauka wata unguwa ce a bakin ruwa, sai da na ga ƙugiya ta sauke kwantena a kanta kamar ana ajiye ƙwayar sukari. Yaya ta tambaya wanne ne namu. Awudu ya nuna wani baƙi mai jan gindi. Ta ɗaga hannu ta yi masa doguwar addu'a, ta tofa ta taga, muka shafa. Sai da muka hau babban titi ya raɗa mini cewa shi ma bai san namu ba, wancan dai yana jin Indiya za shi. Na ce ya bar maganar a nan, su ma suna bukata.

Turaren kuwa a bayan motar ya dawo Naif. Na ɗauka asara ce. Kafin mu bar garin Yaya ta kafa kujera a zauren otal, ta sayar da shi kaf ga matan da ke shirin komawa gida, waɗanda za su aika shi ta hanyar da ta dace da shi. Ta nemi Hajiya Binta ta gaya mata abin da ya faru da bakinta, ta kuma aika wa Amina kwalba biyu.

Komawa gida

Awudu ya kai mu filin jirgi. Da za mu rabu ya ce, "Hajiya, ka sauka lafiya." Ta ce, "Kai ma ki gaida gida," ta shige tana dariya. Muka kwana Kano a gidan ɗiyarta, washegari da hantsi muka shiga Funtuwa.

Jiran ya fi tafiyar wuya. Kullum sai na kira Alhaji Sunusi, har ya koma ɗaukar wayata da "Yana kan ruwa, Malam Sabi'u" maimakon sallama. Daga baya aka ce ya iso Legas, aka ce an fito da shi, aka ce mota ta lalace a Mokwa. Sha'aban ya kusa ƙarewa wata safiya babbar mota ta toshe layinmu, yara suna bin ta da ihu. Aka taru, aka sauke da sarƙa da katakai da salati, aka turo shi har bakin gidan burodi. A nan ya tsaya. Ƙofar ta yi masa kaɗan, ta tsawo da ta faɗi. Duk lissafin da muka yi, babu wanda ya tuna ya auna ta.

Aka yi cirko-cirko. Wani ya ce a kwance shi gunduwa-gunduwa, wani ya ce a yi masa rumfa a waje. Ni kuwa bangon nake kallo, don mahaifinmu ne ya gina shi da hannunsa, kuma na san yadda Yaya take ji da shi. Ta zagaya tanderun, ta dafa bangon. Sannan ta ce a kira magini ya zo da guduma.

"Ya haye teku, ba zai kwana a titi a ƙofar gidan ubanmu ba. A fasa."

Aka fasa. Ranar da aka ga wata muka fitar da gashin farko, kuma burodin bai kai sahur ba ya ƙare kaf.

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa Alhaji Sunusi da bai kore mu daga ofishinsa ba, da Awudu da Amina, da jami'in nan da ban san sunansa ba, da matan da kayansu suka kusa makara saboda mu. Wanda duk ya biyo ta layinmu ya ga sabon bulo a jikin tsohon bango, to dalilin ke nan. Ya shigo ta wurin, ƙofar yanzu tana da faɗi.